Aikin gyaran yoyon fitsari a cibiyoyinmu: abin yabo, abin gyara, da haƙurin da yake nema

Cikin hidimomin lafiya da ake yi wa talaka a ƙasar Hausa, kaɗan ne suke sauya rayuwar mutum cikin mako 3 kamar aikin gyaran yoyon fitsari. Mace takan zo da zani a jiƙe, ta saba zama can gefen tabarma saboda zarni, wata ta shekara 2 a haka, wata ta haura 10, sai ga ta ta koma gida a bushe. Wannan sharhi ne a kan hidimar kamar yadda ake gudanar da ita a cibiyoyin da suka ƙware, domin mai lalurar da iyayenta da mijinta su san abin da za su tarar da abin da ake jira daga gare su. Hukuncinmu tun daga farko shi ne aikin yana da kyau, ya isa a yi tattaki dominsa ko daga ina ne. Sai dai likita rabin aikin kawai yake riƙe da shi, sauran yana hannun mai lalurar da mutanen gidansu.

Uwar cibiyoyin ita ce ta Babbar Ruga a bayan garin Katsina. Asalinta asibitin kutare ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980, ya tarar da mata masu yoyo babu mai duba su, ya koma gyaransu, kuma da yawa daga likitoci da nas-nas da suke wannan aiki a yau a hannunsa ko a hannun ɗalibansa suka koya. Yanzu cibiyar ta gwamnatin tarayya ce, tare da ta Ningi a jihar Bauchi da ta Abakaliki a jihar Ebonyi. A Kano akwai cibiyar Laure a cikin asibitin Murtala, a Sakkwato akwai asibitin mata da yara na Maryam Abacha, a Birnin Kebbi akwai ta Gesse, a Jahun ta jihar Jigawa ƙungiyar likitoci ta MSF tana aikin, a Jos kuma akwai cibiyar Evangel a Jankwano. A Nijar akwai ta Danja kusa da Maraɗi wadda aka buɗe a 2012, da cibiyar ƙasa a Yamai. A irin waɗannan wurare tiyatar kanta kyauta ce ko kusa da kyauta, kuma mai duba mace ya ga irin lalurarta sau ɗaruruwa. Wannan na biyun ya fi na farkon muhimmanci, za mu zo kansa.

Dole a fahimci yadda ciwon yake samuwa, don yawan baƙin cikin da matan suke ɗauke da shi daga rashin sanin ne. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya sauko ya kasa wucewa, yakan danne mafitsara a jikin ƙashin gaba. Naman da aka danne yini ɗaya ko biyu jini ba ya kai masa, sai ya mutu. Ba nan take ake ganin yoyon ba. Bayan kwana 3 zuwa 10 mataccen naman yake zubewa ya bar ƙofa tsakanin mafitsara da farji, fitsari ya riƙa bi ta nan dare da rana. Idan dannewar ta baya ce, ƙofar takan buɗe ta wajen dubura, bayan gida ya riƙa fitowa ta gaba. Mafi yawan lokuta jaririn bai zo da rai ba, shi ya sa mace take shiga makoki biyu lokaci guda. Wasu kuma jijiyar ƙafa takan taɓu, su riƙa jan ƙafa ɗaya. Akwai masu samun ciwon daga yankan gishiri da wanzami ko ungozoma suka yi, akwai masu samu daga tiyatar haihuwa ko ta cire mahaifa da ba a yi da ƙwarewa ba. Babu sammu a ciki, babu aljanu, kuma ba sakamakon wani zunubi ba ne da ta aikata.

Akwai wani abu namu da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Yarinya mai cikin fari da ta je goyon ciki gidan iyayenta an tarbiyyantar da ita kan kunya da dauriya, ta ji naƙuda ta yi shiru, a yabe ta cewa ba ta da raki. Wannan dauriya ita ce take cinye awannin da ya kamata a ce an kama hanyar asibiti. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a haihu ba, mota ake nema, a yi addu'ar a kan hanya. Haka bayan ciwon ya samu, sai a ce mata ta yi haƙuri jarrabawa ce, a bar ta a ɗakin baya shekara da shekaru. Jarrabawa ce ƙwarai, kuma mai haƙuri da ita yana da lada marar iyaka kamar yadda Alƙur'ani ya yi alkawari. Amma Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Maganin wannan cutar yana nan, an san inda yake.

Matakin farko na hidimar, wanda mutane suka fi jahilta, ba ya buƙatar wuƙa. Matar da ta fara yoyo cikin makonnin farko bayan haihuwa, idan aka kai ta da wuri, ana saka mata robar fitsari a bar ta mako 4 zuwa 6. Hikimar ita ce mafitsara ta kasance babu komai a cikinta kullum, bakin ƙofar ya haɗu ya warke da kansa. Ƙananan ƙofofi da dama a haka suke rufewa, manya kuma sukan ragu, aiki ya zo da sauƙi. A wannan lokaci ana so ta riƙa zama cikin baho da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri safe da yamma. Ruwan ɗumi muka ce, wanda za a tsoma gwiwar hannu a ciki ba a ji zafi ba. Tafasasshen ruwan wankan jego ƙona wurin yake yi ya ƙara tabo. Wadda aka riƙe a gida har wata 3 ana gwada sassaƙe da hayaƙi ta riga ta rasa wannan dama, sai tiyata.

Ranar da aka isa cibiya ana yanke kati, a tambayi tarihin haihuwar: kwana nawa aka yi ana naƙuda, a ina aka haihu, yaushe yoyon ya fara, an taɓa yin aiki ko ba a taɓa ba. A faɗi gaskiya a kan wannan na ƙarshe, domin shi ne yake nuna wa likita irin wahalar da ke gabansa. Sannan a yi gwajin shuɗi: a zuba ruwa mai launi cikin mafitsara ta roba, a duba inda yake fitowa. Idan shuɗin ya fito ta gaba, ƙofar a mafitsara take. Idan farin fitsari ne yake zuba shuɗin bai fito ba, ana zargin bututun da ya taho daga ƙoda ne ya yanke, wannan kuma aikinsa daban ne, ta ciki ake yinsa. Wasu matan ma ba su da ƙofa ko kaɗan, bakin mafitsara ne ya saki. Ana kuma auna jini, a duba zazzaɓin cizon sauro da cututtukan da za su hana rauni warkewa. Mai ƙarancin jini ko wadda ta rame ana jinkirta mata, a ba ta maganin ƙarin jini da abinci. Wannan jinkiri yakan ɓata wa dangi rai, su ga kamar an yi watsi da su, alhali nama marar jini ba ya riƙe ɗinki.

Sai maganar ruwa, kuma a nan ne haƙuri na gaske yake farawa. Kusan duk mai yoyo ta koya wa kanta ƙin shan ruwa don ta rage jiƙewa. Sakamakon haka fitsarin yakan yi kauri da wari, ya cinye fatar cinya ta yi gyambo, ya tara tsakuwa a mafitsara, ya taɓa ƙoda. A cibiya sai a juya mata al'amarin, a ce ta sha lita 5 zuwa 6 a yini, wato ledar fiyawata 10 zuwa 12, a rarraba daga asuba zuwa dare, tana kuma cin abinci mai gishiri daidai gwargwado. Alamar ta sha isasshe ita ce fitsarin ya fito fari kamar ruwa, babu wari. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda likita ne zai yanke mata nata adadin. Kafin a yi aiki wannan sha yana ƙara mata jiƙewa a gaban mutane, abin da ta shekara tana gudu, don haka mai jinya ta tanadi zannuwa da ƙunzugu masu yawa da man basilin na shafa wa cinya. Ma'aikatan da suka iya aikinsu sukan tuna wa matan Annabi Ayyuba (AS): ya kai kukansa ga Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi, da lokacin waraka ya zo aka umarce shi ya buga ƙasa da ƙafarsa, ya yi wanka da ruwan da ya ɓuɓɓugo, ya sha. Idan jinyar ta faɗo cikin watan azumi, mai roba a jikinta marar lafiya ce, Allah ya yi mata rangwame ta sha ta rama daga baya. Yin azumi da roba a jiki hanya ce ta toshe ta.

Tiyatar yawanci ta gaba ake yinta, ba a tsaga ciki. Ana yin allura a baya wadda take kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, mace tana farke tana jin magana, tana iya yin zikirinta. Likita yakan raba bangon mafitsara da na farji, ya sassauta gefen ƙofar har bakunan su haɗu ba tare da an ja su ba, ya ɗinke, ya sake zuba shuɗi ya tabbatar babu inda yake tsiyaya. Aiki mai sauƙi ba ya wuce awa 1, mai wuya yakan kai 2 ko 3. A hannun gwani, wajen 8 zuwa 9 cikin kowace 10 ƙofarsu tana rufewa, musamman a aikin farko. Shi ya sa muke roƙon iyaye kada su bari kowane likita ya gwada hannunsa don kawai asibitinsa ya fi kusa. Abin kamar ɗinkin ƙwarya ne: na farko shi yake kamawa, duk wanda aka sake bayan ya ɓalle, bakin ya ƙara cinyewa, wurin huda ya ragu. Kowane aikin da ya lalace yana barin tabo mai tauri, sa'ar na gaba ta ragu.

Bayan an fito, ana barin audugar da aka cusa a farji yini 1 ko 2 sannan a cire. Wasu sukan yi ciwon kai daga allurar baya, kwanciya da shan ruwa suna rage shi. Washegari ake so ta tashi ta fara takawa. Robar fitsari takan zauna kwana 10 zuwa 14, a aiki mai sauƙi Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kwana 7 zuwa 10, a mai wuya kuma takan kai mako 3 ko 4. Waɗannan kwanaki su ne suke yanke hukuncin aikin, kuma abu 3 ake dubawa kullum: tana sha, robar tana ɗiga, shimfiɗa a bushe. Robar kada ta lanƙwashe, kada ta kwanta a kanta, kada yaro ya ja ta, leda ko kwanon da fitsarin yake zuba a ciki ya kasance ƙasa da gado. Babban haɗari shi ne gudan jini ko dauɗa ya toshe robar. Mafitsara ta cika, ta kumbura, ɗinkin ya yage, cikin awa kaɗan aikin ya tashi a banza. Alamarsa ɗigar ta tsaya, mara ta yi nauyi ko ciwo, ko ta ji fitsari yana matsa ta. Ko ƙarfe 2 na dare ne a tashi nas ta wanke robar da sirinji ko ta sauya. Kunya a wannan wuri asara ce. Cibiyoyin da suka fi samun nasara su ne waɗanda nas-nas ɗinsu suke zagayen dare da gaske, kuma tsofaffin majinyata suke lura da sababbi. Wannan zaman tare, inda mace take ganin ɗaki cike da masu irin ciwonta suna hira suna yi wa juna kitso, yana daga cikin mafi alherin abin da hidimar take bayarwa, ko da yake ba a rubuta shi a kati.

Wadda aka yi wa gyaran wajen dubura tana da ƙarin sharaɗi: a wanke ciki kafin aiki, ta yi kwanaki a kan abinci mai ruwa-ruwa, a ba ta maganin tausasa bayan gida don kada ta yi yunƙuri.

Idan an cire roba, mafitsarar da ta shekara ba ta tara komai ba ta ƙanƙance, sai an sake koya mata. Ana fara fitsari duk awa 1 ko 2 ko ba a ji shi ba, a riƙa ƙara tazarar a hankali, tare da motsa jijiyoyin ƙasan mara ta hanyar matsewa da saki. Wasu matan ƙofar ta rufe sarai amma suna ɗan ɗiga idan sun yi tari ko sun ɗauki tulu. Kada su yanke ƙauna, da yawa yana raguwa cikin wata 3 zuwa 6, wanda bai ragu ba akwai ƙaramin aiki na biyu dominsa.

Haƙuri na biyu na miji ne. Babu kwanciyar aure wata 3 zuwa 6, gwargwadon abin da likita ya ce, kuma babu matsi ko wani kayan mata da ake cusawa. Ayyuka da yawa da suka yi kyau a asibiti a ɗakin miji suke ɓallewa. A ɗauki tsarin tazarar haihuwa kafin a bar cibiya, domin al'adar da ta ɗauke tun lokacin ciwon takan dawo bayan gyara, ciki ya shiga ba shiri. Duk cikin da aka samu nan gaba a fara awo da wuri, a nuna katin cibiya, a shirya haihuwa ta tiyata kafin naƙuda ta fara. Mazajen da suke riƙe matansu cikin wannan hali, su biya kuɗin mota, su jira watannin nan ba tare da gori ba, suna nan, kuma ibada suke yi. Waɗanda suke saki tun a makon farko su ji tsoron Allah, ciwon nan wajen haifa musu ɗa aka same shi.

Akwai wani rauni da wuƙa ba ta kaiwa gare shi. Mata da yawa sun bar salla shekaru suna zaton najasarsu ta hana, babu wanda ya gaya musu hukuncin. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi, fitsarin da yake zuba ba da ikon mutum ba, idan ya lazimci dukkan lokaci ko mafi yawansa, ba ya karya alwala, kuma an yi afuwa kan abin da ya taɓa tufafi. Ta wanke jiki, ta sa ƙunzugu mai tsabta, ta yi alwala ta yi sallarta. A kan gadon asibiti ta yi a zaune ko a kwance, ta yi taimama idan ruwa ya gagara. Inda ake kawo malama ta yi wa mata wannan bayani, fuskokinsu kan sauya tun kafin a taɓa su. Mata Kirista kuma sukan riƙe labarin matar nan ta cikin Linjila da ta shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da dukiyarta a wajen masu magani, ba ta fid da rai ba har ta warke. Ya kamata wannan ɓangare ya zama tsari a kowace cibiya, a daina barinsa ga nas mai tausayi da ta samu sarari.

Yanzu ga inda hidimar ta gaza. Tiyata kyauta ce, amma zuwa ba kyauta ba ne. Kuɗin mota na mutum 2 daga ƙauye, abincin mai jinya na mako 4 ko 6, sabulu, zannuwa, su ne suke hana talaka zuwa, ga kuma hanyoyin da rashin tsaro ya sa ba a bin su da yamma. Likitocin da suka iya aiki mai wuya ba su da yawa, don haka akan yi jira, wani lokaci a ce a koma a dawo. Gangamin da ake yi na mako 1 ko 2, a tara mata da yawa a yi musu aiki, yana rage layi, amma idan baƙin likitocin sun tafi wadda aikinta ya ɓalle ba ta san wajen wa za ta koma ba. Kafin a shiga irin wannan gangami a tambaya wa zai duba ta bayan wata 1 da wata 3 da wata 6. Koyar da sana'a da ake yi, ɗinki da saƙa da haɗa sabulu, abu ne mai kyau, sai dai keken ɗinki ba jari ba kasuwa yakan ƙare a sayar da shi. Babban giɓin kuwa shi ne ba a cika zaunar da miji da uwar miji a yi musu bayani ba, alhali su ne za su kiyaye ko su karya sharuɗɗan.

Sai kaso kaɗan da ba za su warke ba: waɗanda mafitsarar ta cinye kusan duka, ko bututun fitar fitsari ya tafi gaba ɗaya. Ga wasunsu akwai babban aiki na juya hanyar fitsari zuwa hanji ko zuwa leda a gefen ciki, amma yana buƙatar kulawar asibiti har ƙarshen rai, kada a amince da shi sai an fahimci abin da ya ƙunsa. Hakkinsu ne a gaya musu gaskiya da taushin harshe, a daina yi musu aiki na 5 da na 6 don kawai a ce an yi wani abu. Akwai hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zo wa Annabi (SAW), ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri da Aljanna, ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya kuwa yi. Abin da waɗannan mata suke nema ke nan daga gare mu, rufin asiri. A aikace yana nufin ƙunzugu isasshe da ake sauyawa duk awa 3 ko 4 a wanke a shanya a rana, leda a ƙarƙashin zanin gado, man shafawa don fata, ruwan sha mai yawa don kashe zarni, da wurin zama a tsakar gida tare da kowa a lokacin cin abinci.

Mai shirin tafiya ya fara zuwa asibitin gwamnati mafi kusa ya nemi takardar turawa, ya kuma tambayi ranakun da cibiyar take duba sababbin zuwa, don kada a kwana a waje. A tafi da duk katin asibitin da aka taɓa yanka, zannuwa 5 ko 6, bokiti, baho, buta, kofi babba da mace ɗaya mai jinya wadda za ta iya zama mako 4 zuwa 6. Matar da ta haihu cikin makonnin nan kuma ta fara jiƙewa, ita ba ta jiran takarda ko ranar layi, a kai ta yau a saka mata roba.